Mota Mai Ɗaki: Ajiyarta Ta Fi Tuƙinta Wuya

A ƙasashen Turai da Amurka akwai wata irin mota da ake yi wa gado da madafa da makewayi a cikinta. Iyali kan shiga su tafi yawon hutu lokacin zafi. To amma yawancin watannin shekara a tsaye take, kuma a tsayuwar nan ne take lalacewa.

Da zarar sanyi ya kawo kai, mai ita yakan tsiyaye duk ruwan da ke cikin tanki da bututu. Dalili kuwa, ruwa in ya daskare yana kumbura da kusan kashi 9 cikin 100, sai ya fasa bututun. Daga nan a rufe tukunyar gas, a cire batir, domin batirin da ya daɗe babu caji ba kasafai yake komawa daidai ba. A kwashe abinci kaf, saboda ɓera in ya shiga ba ya tsayawa kan biskit, har wayoyin wuta yake ci.

Mu a nan ƙanƙara ba ta dame mu ba, amma ɓeran nan muna da shi, ga rana ga damina. Sau nawa ɗan'uwanmu kan kulle motarsa ya tafi fatauci ko ganin gida, ya dawo ta ƙi tashi? In za a daɗe, kada a ja birkin hannu, don tsatsa kan liƙe shi a damina. A sa wa tayoyi waigi, a ƙara musu iska, sannan a bar makulli wurin amintacce ya riƙa zagayawa da ita lokaci-lokaci.