Abin da Alƙali Zai Gani Bayan Rotsi Ya Warke

Da kaka, lokacin da ake ɗaure dammunan gero a karkarar Atantane, garken shanu kuma suka fara gangarowa daga arewa, rigimar ɓarna ba ta rasa tashi. Galibi a ƙofar maigari ake kashe ta. Amma wani sa'in gora kan riga baki magana, sai a kwashi mutum da rotsi zuwa asibitin Mayahi ko na Tasawa.

A nan aiki biyu ke jiran likita: ɗinki da rubutu. Jandarmomi kan aiko da takardar neman a duba wanda aka ji wa ciwo, likitan kuma ya rubuta sartifika da Faransanci. Shari'a kan ɗauki watanni, ranar da alƙali zai zauna kuwa rauni ya zama tabo, takardar nan kaɗai ta rage.

Shi ya sa likitan kirki ba ya tsayawa ga rubuta "rauni a ka". Yakan faɗi gefen da yake, tsawonsa santimita nawa, da kamannin bakinsa. Ga mai kallo, rotsin gora da saran adda duk jini ne. Amma gora fasa fata take yi a kan ƙashi, bakin raunin ya daddage, gefensa ya kuje, a ciki a ga zaren naman da bai tsinke ba. Kaifi kuwa yanka yake yi sumul. Dukan sanda a gadon baya yakan bar layi biyu a jere da tsakiya lafiya lau, domin sandar kan kore jini zuwa gefe, ƙananan jijiyoyi su fashe a can. Karaya ko sara a bayan hannu, tsakanin gwiwar hannu da wuyansa, sau da yawa alama ce ta wanda ya ɗaga hannu yana kare kansa.

Akwai kuma inda jiki ke ruɗin mai dubawa. An daɗe ana ƙiyasta kwanakin duka daga launin taruwar jini, har Langlois da Gresham suka nuna a 1991 cewa abu ɗaya ne tabbas: launin rawaya ba ya fitowa kafin awa 18. Su ma a jikin Turawa suka yi binciken. A baƙar fata launin bai cika nunawa ba, sai dai a lalubi kumburi da wurin da ke zafi. Ga kuma shaidar ƙahon wanzami, da tsagar magani, da aikin mai ɗori, waɗanda baƙon likita zai iya ɗauka duka ne. Wanda ya fara biyawa ta wurin wanzami ko mai ɗori, ko ya cusa toka a rauni, ya ɓata shaidarsa da hannunsa.

A ƙasan takardar akwai lambar da kowa ke leƙe, wato ITT, kwanakin da ciwon zai hana mutum hidimarsa ta yau da kullum. Dokar hukunta laifuka ta Nijar tana duba abin da duka ya haifar wajen auna hukunci, don haka dangin mai rauni kan so a ƙara kwanaki, ɗaya ɓangaren kuma a rage. Likitan da ya biye wa ɗayansu ya zama ɗan rigima, ba mai shaida ba.

Shi dai likita bai je gonar ba. Ƙa'idar Istanbul ta 1999, wadda aka tsara don binciken azabtarwa kuma Majalisar Ɗinkin Duniya ta amince da ita, ta koyar da wannan taka-tsantsan: a rubuta labarin da "ya ce", sannan a faɗi ko raunin ya dace da shi, ko ya dace ƙwarai, ko bai dace ba. Sunan mai laifi aikin kotu ne.

Abin da dangi za su iya yi shi ne su kai mutum asibiti tun ranar, su ajiye rigar da jini ya ɓata ba tare da wanki ba, a kuma ɗauki hoton raunin da waya kafin ɗinki, da rula a gefensa.