Hagun Jirgi da Damansa: Gaskiya da Shaci-faɗi kan "Port" da "Starboard"

Ma'aikatan jirgin ruwa ba sa cewa hagu ko dama idan suna nufin gefen jirgi. Wanda ya tsaya a ciki yana fuskantar goshin jirgin, gefen da ke hagunsa shi ne "port", na damansa kuwa "starboard". Masu ɗaukar wannan a matsayin Turancin burga sun yi kuskure. Hagun mutum kan sauya da zarar ya juya, amma waɗannan sunaye na jikin jirgin ne, ko ina ma'aikaci ya fuskanta suna nan yadda suke. Cikin duhu da hadari, wannan ne ke hana umarnin kyaftin ya zama tsautsayi.

Maganar da aka fi yaɗawa ita ce wai "starboard" daga sunan tauraro ya fito, wai ta nan matuƙa ke duban taurari. Wannan ba shi da tushe. Asalinsa "steorbord" ne a tsohon Ingilishi, wato gefen tuƙi. Kafin a fara kafa allon juya jirgi a tsakiyar baya, da wani babban filafili ake sarrafa shi, ɗaure a dama ta wajen baya, kamar a jiragen mutanen Viking na arewacin Turai, domin yawancin mutane da dama suke aiki.

Daga nan ɗaya sunan ya samo hanya. Tun da filafilin yana dama, sai jirgi ya raɓa bakin tasha, wato "port" a Turance, da hagunsa don kada a karya shi, kuma bayanin da masana suka fi karɓa ke nan. A da "larboard" ake ce wa hagun, sai dai a cikin iska kunne ba ya raba shi da "starboard", shi ya sa rundunar ruwan Birtaniya ta wajabta "port" a 1844, ta Amurka ta bi sahu a 1846. Amma cewa har yau dole jirgi ya tsaya da hagu ba gaskiya ba ne: jiragen zamani na tsayawa da kowane gefe, gwargwadon iska, igiyar ruwa da tsarin tashar. Haka nan babu dangantaka da jar giyar nan mai suna "port" ta birnin Porto na Fotugal, dabarar hadda ce kawai ta masu koyo.

Batun fitilun gefen jirgi kam gaskiya ne. Dokokin hana karo a teku na 1972 sun tanadi ja a hagu, kore a dama, kowace tana haska digiri 112.5 daga goshi zuwa gefe, ta yadda mai hange da dare zai gane inda jirgi ya dosa. Jiragen sama sun gaji tsarin, kuma duk wanda ya lura da jirgi a filin Yakubu Gowon da ke Heipang zai ga ja a bakin fiffiken hagu, kore a na dama.

A Heipang ɗin dai kalmar "port" na iya rikita mutum, saboda tashar kan tudu, ɗaya daga cikin shida da gwamnatin tarayya ta amince da su a 2006. "Port" a nan tasha yake nufi, kamar a sunan Port Harcourt, wato Fatakwal, inda aka riƙa kai kuzar Filato bayan layin dogo ya iso Jos ta Kafanchan a 1927. Babu jirgin ruwan da zai hau tudun da ya haura mita 1,200. Manufar irin wannan tasha ita ce a kawo kwantena ta jirgin ƙasa ko tirela, kwastan su duba ta kusa da mai kaya maimakon a Legas. Ta Kaduna an buɗe ta a 2018, ta Dala a Kano kuma a 2023.