Filin Jirgin Saman Port-Bouët: Ƙofar Abijan Tsakanin Tafki da Teku

Da yawa daga cikinmu mazauna Adjamé da Treichville mun san tashoshin mota kamar tafin hannunmu, amma filin jirgin sama sai dai mu ji ƙarar jirage bisa kanmu. Wasu ma na ɗauka wurin na manya ne kawai. Alhali kuwa ta nan alhazanmu ke tashi, ta nan kuma ɗan uwa ke gaggawar zuwa gida idan an aiko da labarin rashin lafiya ko rasuwa. Saboda haka ya kamata mu san shi.

Filin yana ɗauke da sunan shugaban ƙasa na farko, Félix Houphouët-Boigny, kuma yana Port-Bouët, kimanin kilomita 16 kudu maso gabas da tsakiyar birni. Ruwa ne gabansa da bayansa: tafkin Ébrié daga arewa, tekun Atlantika daga kudu. Mai tasowa daga Adjamé dole ya ƙetare gada zuwa tsibirin Petit-Bassam, inda Treichville, Marcory da Koumassi suke, sannan ya bi babban titin nan da kowa ya sani da VGE har mahaɗar Akwaba. Gadar Houphouët-Boigny ta 1957 da ta De Gaulle ta 1967 su ne tsofaffi. A 2014 aka ƙara ta Henri Konan Bédié, wadda ake biyan kuɗi. Duk da haka cunkoso bai ƙare ba. Wanda bai yi sammako ba, jirgi ba ya jiran kowa.

Titin tashi da saukar jirage guda ɗaya ne tak, mai tsawon mita 3,000, kuma bakinsa na kudu yana dab da teku. Akwai babban gini na masu fita waje, da wani daban na masu tafiyar cikin gida zuwa garuruwa irin su Bouaké, Korhogo da San-Pédro, sai kuma sashen kaya, wanda ya fi shafar 'yan kasuwarmu. A babban ginin ake auna kaya, a duba fasfo, a bi ta duwan. Mai sauka kuma ya riƙe katin allurar shawara kusa, domin ana tambayarsa. Tun 1996 kamfanin AERIA ke tafiyar da filin.

Darajar wurin ta wuce iyakar Kodebuwa. A Abijan ne hedkwatar Air Afrique take, kamfanin da ƙasashe 11 suka kafa a 1961, har da Nijar. Da ya durƙushe a 2002, ga kuma rikicin da ya ɓarke a ƙasar a shekarar, sai filin ya yi sanyi. Kafa Air Côte d'Ivoire a 2012 ya maido masa da rai, ya sāke zama mahaɗar masu zuwa Legas, Abuja, Akara, Bamako da Dakar. A 2017 fasinjoji sun haura miliyan 2.

Ba za mu manta da daren 30 ga Janairun 2000 ba, lokacin da jirgin Kenya Airways mai zuwa Legas ya faɗa teku jim kaɗan bayan tashi. Mutum 169 suka rasu cikin 179, da yawansu 'yan Nijeriya. Allah ya jiƙan waɗanda suka riga mu.

Me ya sa wannan ƙofa ta dame mu? Kakanninmu fatake da ƙafa da jakuna suka zo neman goro. Layin dogon da aka raɗa wa suna Abijan-Nijar ya kai Wagadugu a 1954, amma bai taɓa shiga Nijar ba. Hanyar mota ta Burkina kuwa, rashin tsaro na shekarun nan ya sa matafiyi na tafe gabansa na faɗuwa. Tafiyar da ke cin kwanaki a mota, jirgi na yin ta cikin 'yan awoyi.

Gaskiya tikiti da tsada. Amma ranar buƙata ba ta sallama, kuma ba kuɗi kaɗai ke hana mutum tafiya ba: wani yana da kuɗin, fasfonsa ya mutu, wani yaransa ko takardar haihuwa ba su da ita. Shawararmu ga iyaye da shugabannin unguwanni ita ce a gyara takardu tun ana zaune lafiya. Hausawa sun ce zumunta a ƙafa take. To, a zamanin nan wani lokaci sai da fiffike.

Allah ya kai matafiyanmu lafiya, ya dawo mana da su lafiya, amin.