Takardar Aljihun Direba: Zancen Tasha da Gaskiyar Lamari

A Tafa ko Mararrabar Jos, inda tireloli ke jeruwa a bakin titi, hirar teburin mai shayi ba ta rasa gangarowa kan haɗari. Labarin da ya fi tayar da hankali shi ne na direban da aka kwasa ranga-ranga, ya kwana uku a asibitin garin da ba ya da kowa, iyalinsa a Kano suna zaton yana hanyar Legas. Da ka ce a rubuta bayanin lafiya da lambar dangi a ajiye a aljihu, sai kowa ya kawo nasa zancen.

Wanda aka fi yarda da shi shi ne na jini. Ana cewa tunda rukunin jini na jikin lasin tuƙi, an gama, likita zai duba ya ƙara maka. Ba haka ba ne. Babu asibitin kirki da zai ɗura wa mutum jini don abin da aka gani a kati. Sai an ɗibi nasa an gwada, an kuma haɗa shi da wanda za a ba shi a ga ko sun jitu, domin jinin da bai dace ba yana iya lalata ƙoda, yana iya kisa. In abin ya zo da gaggawa ƙwarai, rukunin O ake fara sa wa kafin sakamako ya fito. Kuma mu faɗa wa juna gaskiya, mutum nawa ne aka cike musu wannan gurbin da ka, ranar yin lasin? Abin da ma'aikacin jinya ke ƙishirwar sani daban ne: kana da ciwon suga, hawan jini, farfaɗiya, asma ko sikila? Wane magani kake sha kullum? Akwai wanda jikinka ba ya so, kamar fenisilin ko Septrin? Mai shan maganin tsinka jini, ƙaramin rauni ma kan zame masa babba, kuma ba a gane haka da ido.

Akwai wani zance da mutane ke ɗauka ƙari ne, alhali gaskiya ce tsagwaronta. Mai ciwon suga, idan sugansa ya faɗi, yakan yi gumi, ya kama karkarwa, harshensa ya karye, ya riƙa magana ba kan gado. Wanda ya tsinci direba a wannan hali a bakin hanya, abin da zai fara zuwa masa shi ne ya sha ƙwaya, sai a bar shi ya wartsake, shi kuwa yana tafiya. Layi ɗaya a takarda ya isa ya sauya wannan zato. In yana cikin hayyacinsa, a ba shi lemo mai zaƙi ko sukari. In ya sume, kada a ɗura masa komai a baki, ko ruwa ko madara, don zai iya shaƙewa.

Sai waya. Wani ma'aikacin motar asibiti a Ingila, Bob Brotchie, shi ya yaɗa dabarar ajiye lambar makusanci da sunan ICE, wato wanda za a kira idan gaggawa ta taso, a 2005. Ba a jima ba aka baza saƙon cewa wai yin hakan na buɗe ƙofa ga wata cutar waya mai cinye kuɗin kira. Ƙarya ce, suna ne kawai kamar kowane suna. Matsalar dabarar a yau ita ce makulli: wayar da ke kulle, ba mai ganin sunayen cikinta. Wayoyin iPhone da akasarin na Android suna da wurin rubuta bayanin gaggawa wanda ake buɗewa ba tare da lambar sirri ba, kuma ya kamata a cike shi. Amma waya ce ke fara tashi daga gaban mota idan aka yi karo, ko ta fashe, ko caji ya ƙare, ko wani ya yi gaba da ita. Ni dai na fi amincewa da takarda a cikin leda, ɗaya tare da lasin, ɗaya a liƙe a kan mota inda yaron mota ya sani.

Masu tsoron 'yan damfara suna da hujja, don ana kiran iyali a ce ɗan'uwanku ya yi haɗari, ku turo kuɗi. Maganinsa kada a cika takardar da abin da ba a tambaya ba. Suna, cuta, magani, lambobi biyu, ɗaya ta gida ɗaya ta mai mota ko shugaban tasha. Ban da adireshi, ban da lambar banki. Masu cewa rubuta magaji kiran ajali ne kuwa, su tuna a tashoshin mota fasinja ma yana rubuta lambar ɗan'uwa kafin a tashi, kuma yana sauka lafiya.

Batun cewa asibiti ba ya taɓa mai haɗari sai da takardar 'yan sanda, a aikace ana cin karo da hakan, amma doka ba ta goyi baya ba. Sashe na 20 na Dokar Lafiya ta Ƙasa ta 2014 ya hana ƙin karɓar mai buƙatar taimakon gaggawa bisa kowane dalili, da tarar naira 100,000 ko ɗaurin da bai wuce wata shida ba. Ko harbin bindiga ne, wata doka ta 2017 ta ce a fara magani. A bayan takardar a rubuta 122, layin hukumar kiyaye haɗurra, da 112 na gaggawa. Duka kyauta ne, ko babu ko kwabo a waya, in dai akwai sabis a wurin.