Angkor Wat: ginin da ruwa ke riƙe da shi

Duk wanda ya dubi tutar ƙasar Kambodiya, a kudu maso gabashin Asiya, zai ga hoton wani gini mai hasumiyoyi a tsakiyarta. Wannan shi ne Angkor Wat, ɗakin bautar da sarki Suryabarman na 2, wanda ya hau gadon sarauta a shekara ta 1113, ya sa aka gina domin Bishnu, ɗaya daga cikin manyan ababen bautar mabiya addinin Hindu. Daga baya wurin ya koma hannun mabiya addinin Buda, kuma har yau su ke ibada cikinsa.

Maginan sun tsara shi ne bisa siffar duniya kamar yadda addininsu ya bayyana ta. A imaninsu, akwai wani dutse mai suna Meru a cibiyar duniya, mai ƙololuwa biyar, inda ababen bauta ke zaune. Tsaunuka sun kewaye shi, teku kuma ya kewaye tsaunukan. Saboda haka aka tayar da hasumiyoyi biyar, huɗu a kusurwoyi, babbar a tsakiya, mai tsawon metir 65 daga ƙasa. Ganuwa ta tsaya a madadin tsaunuka. A madadin teku kuwa, sai aka haƙa gwalalo mai faɗin metir 190, aka cika shi da ruwa, ya zagaye filin, tsawon wurin duka har da gwalalon ya kai kilometir ɗaya da rabi.

Mai ziyara yana ƙetare ruwan ta wata doguwar gada ta dutse daga yamma, sannan ya hau bene uku, kowane ya fi na bayansa tudu. Matakalan ƙarshe a tsaye suke ƙyam, sai mutum ya haɗa da hannu, don ya san isa wurin ababen bauta ba abu ba ne mai sauƙi. Har tafiyar rana an lissafa: a watannin Maris da Satumba, lokacin da tsawon dare da na wuni ke daidaita, wanda ya tsaya bakin gadar da asuba zai ga rana ta ɓullo daidai kan babbar hasumiya.

Turawa sun san wurin sosai ne bayan ziyarar Bafaranshe Hanri Muho a 1860, shekara uku kafin Faransa ta shimfiɗa ikonta a Kambodiya. Hukumar UNESCO ta sa shi cikin jerin kayan tarihin duniya a 1992.

Amma abin da ya fi ɗaukar hankalin masana shi ne, wannan teku na alama yana da aiki na zahiri. An ɗora ginin ne bisa yashi da aka daddale. Yashi kuwa, muddin yana da danshi yana da ƙarfin ɗaukar nauyi. In ya bushe ya sake jiƙewa, sai ya motsa, duwatsun da ke kansa su tsage. Ruwan gwalalon shi ke daidaita danshin ƙarƙashin ƙasa rani da damina, fiye da shekara 800 ke nan.

A nan ne damuwar take. Garin Siyam Rip, da ke kusa da wurin, ya bunƙasa da otal-otal saboda ƴan yawon buɗe ido, kuma da yawa daga cikinsu rijiyoyin burtsatse suka haƙa. Masana sun yi kashedin cewa idan ruwan ƙasa ya ja da baya, tushen gine-ginen na iya lotsawa. Hausawa na cewa ruwa abokin aiki. Maginan Angkor sun san da haka tun ƙarni na 12. Saura masu cin kasuwar wurin su san cewa in rijiyoyinsu suka shanye ruwan, abin da ke kawo musu baƙin ne zai fara faɗuwa.