Yadda Ɗumamar Duniya Ta Koma Hular Jam'iyya

A watan Fabrairun 2015 wani sanata daga jihar Oklahoma ta Amurka, James Inhofe, ya shiga zauren Majalisar Dattawa da curin dusar ƙanƙara a leda. Ya ciro shi, ya nuna wa 'yan'uwansa, wai ga shaidar cewa sanyi ake tsulawa a waje, sannan ya wurga shi wajen kujerar mai jagorantar zama. Hoton ya karaɗe intanet. Mutanensa suka yi ta shewa, 'yan ɗaya ɓangaren suka yi ta yi masa ba'a. Hujjarsa kuwa kamar ta wanda ya kwana cikin hunturun Jos ne ya tashi yana rantsuwa babu bazara a Sakkwato. Shekarar 2014 da ta gabace shi ita ce mafi zafi da aka taɓa aunawa zuwa lokacin, kuma 2015 ɗin ta zo ta doke ta.

Da ba haka abin yake ba. Margaret Thatcher, uwar masu ra'ayin riƙau a Ingila, ta tsaya gaban Majalisar Ɗinkin Duniya a 1989 tana gargaɗi kan hayaƙin da ake turnuƙa wa sama. Bush babba, ɗan jam'iyyar Republican, shi ya sa hannu kan yarjejeniyar yanayi ta Rio a 1992. Sannu a hankali kuɗin kamfanonin mai da kwal, da tsoron sabon haraji, da ƙin jinin katsalandan ɗin gwamnati suka mayar da batun alamar gida. Yau a Amurka, in ka ji ra'ayin mutum kan sauyin yanayi, sau da yawa ka san inda yake dangwala ƙuri'a. Dubi yarjejeniyar Paris ta 2015: Obama ya shiga, Trump ya fita, Biden ya koma a 2021, Trump ya sake ba da umarnin ficewa a Janairun 2025. Ita kuwa iskar kabon ba ta da katin jam'iyya. Daga kusan kashi 280 cikin miliyan kafin zamanin masana'antu, yanzu ta haura 420.

Mutum zai zaci jahilci ne ke kawo wannan. Dan Kahan na Jami'ar Yale da abokan aikinsa sun gano akasin haka a 2012: waɗanda suka fi sanin kimiyya da lissafi su ne suka fi rabuwa gida biyu. Mai ilimi ya fi iya ƙera wa ɓangarensa hujja. In yarda da magana za ta raba ka da abokan zama, sai kai ya nemo dalilin ƙin ta.

Sai kuma zagi. Masu bincike a Jami'ar Wisconsin, ciki har da Dominique Brossard da Dietram Scheufele, sun bai wa mutum sama da 1,000 labarin kimiyya iri ɗaya, harafi bai bambanta ba. A ƙarƙashinsa wasu suka tarar da martani na mutunci, wasu suka tarar da na cin fuska. Waɗanda suka karanta na cin fuskar sun fi ƙanƙame ra'ayin da suka zo da shi. Labarin ma ba na yanayi ba ne, amma darasin ya sa mujallar Popular Science ta rufe filin martanin masu karatu a shafinta a 2013. Ashe ɓarnar zagi ta fi sauka a kan ɗan kallo, wanda ya zo neman sani ya tarar ana dambe.

To, ina ruwanmu? Ruwanmu ne kuwa, har cikin ɗaki. Afirka gaba ɗaya ba ta fitar da kashi 4 cikin 100 na hayaƙin da ke ɗumama duniya, amma a Satumban 2024 madatsar Alau ta ɓalle ta shanye unguwannin Maiduguri, kuma a cikin wannan watan na Satumba ne tsohon masallacin Damagaram ya rushe bayan ruwa kamar da bakin ƙwarya.

Na ga yadda irin wannan labari ke ƙarewa a Facebook ɗinmu. Wani ya sa hoton gidansu, ruwa ya kai taga, katifa na yawo. Na farko ya ce ikon Allah ne. Na biyu ya ce sakacin gwamnati ne. Na uku ya kawo sauyin yanayi. Kafin a kai martani na ashirin an kira ɗaya ɗan koren gwamna, an ce ɗaya boko ya cinye masa imani, an shiga iyaye. Mai gidan da ruwa ya ci, babu wanda ya tambaye shi inda ya kwana. Alhali su ukun ba su saɓa ba. Allah ne mai ruwa, iska mai ɗumi ta fi riƙe danshi shi ya sa take juye shi da yawa a lokaci guda, kuma madatsa ko kwalbati da ba a kula da su ba dole su gaza. Wanda ya ɗaure raƙuminsa bai fita daga tawakkali ba.

Mu da muka saba da sojojin baka a rediyo, ba wuya mu ɗora wa wannan batu hula ja ko fara. Har yanzu dai bai zama na wata jam'iyya ba a wurinmu. Manomin Jigawa da makiyayin Maraɗi duk sun san damina ta sauya hali, ba sai an karanta masu rahoto ba. Idan ka ci karo da mai musu, tambaye shi yaushe ake shuka a garinsu yana yaro, yaushe ake yi yanzu, ka bar shi ya ba da amsa. In ya zage ka, kada ka rama. Akwai mutum ɗari da ke karantawa ba su ce uffan ba, kuma su kake wa magana.