Manufar Darasi da Auna Fahimta a Ƙaramar Sakandare: Misali daga Ƙa'idojin Rubutun Hausa

Awon da malami kan yi wa ɗalibansa iri biyu ne. Akwai wanda ake yi bayan an ƙare karatu, domin a san wanda ya ci da wanda ya faɗi. Akwai kuma wanda ake yi ana cikin karatun, domin a gano inda aka karkace a miƙe shi. Michael Scriven ne ya fara rarrabe su da suna a 1967, sa'an nan Benjamin Bloom da abokan aikinsa suka bayyana amfaninsu cikin aji a littafinsu na 1971. A 1998 Paul Black da Dylan Wiliam suka bi nazarce-nazarce kimanin 250, suka tarar awo iri na biyu yana ƙara wa ɗalibai sani ƙwarai, balle waɗanda ke baya.

A Nijeriya, Manufar Ilimi ta Ƙasa ta 1977 ta ce a riƙa auna ɗalibi a kai a kai. Amma yawan gwaji kaɗai ba ya biyan bukata. Gwajin da aka rubuta makinsa cikin rajista, aka wuce darasi na gaba ba tare da an sake kome ba, jarrabawar ƙarshe ce aka gutsuttsura.

Tushen aikin shi ne manufar darasi. Idan malamin aji ɗaya ya rubuta cewa manufarsa ita ce "yara su iya ƙa'idojin rubutu", ya faɗi abin da ba shi aunuwa. Amma in ya ce, "a ƙarshen darasi kowane yaro zai bambanta b, d, k da ɓ, ɗ, ƙ cikin shifta ta kalmomi goma", to, shi da yaran duka sun san inda aka dosa. Lalle ne kuwa a gaya musu tun da fari.

Alal misali, ya yi shifta da kalmomi masu kama da juna: baki da baƙi, kafa da ƙafa, bari da ɓari, daka da ɗaka. A ce yara uku kowannensu ya sami biyar bisa goma. Ga rajista daidai suke, amma ciwonsu ba ɗaya ba ne, kuma malami zai gane haka in ya sa kowa ya karanta abin da ya rubuta da ƙarfi.

Na farko ya rubuta "baki" amma ya furta "baƙi". Kunnensa lafiya lau, hannunsa ne ke sakaci da lanƙwasa. Maganinsa a koya masa sake duba aikinsa. Na biyu, wanda Hausa ba ita ce harshen gidansu ba, yana furta su duka iri ɗaya. Shi horon kunne da harshe yake bukata kafin na alƙalami. Na uku ya lanƙwasa har inda ba a so, ya rubuta "ƙasuwa" maimakon "kasuwa". Ya san akwai haruffan, bai dai gane cewa sauti ne ke kiransu ba. Maki bai nuna ko ɗaya daga cikin waɗannan ba.

Wannan hanya ba baƙuwa ba ce a ƙasar Hausa. Malamin makarantar allo ba ya barin almajiri ya wanke allonsa sai ya biya karatun an ji ya zauna, inda ya yi tuntuɓe kuwa nan take ake gyara masa.

Saboda haka ya kamata kwalejojin horon malamai su riƙa tambayar ɗalibin malanta abu uku game da kowane darasi: me yake so yara su iya, da me zai gane sun iya kafin a tashi, kuma me zai sake gobe in ba su iya ba. Wanda ba shi da amsar ta uku bai gama shirin darasinsa ba tukuna.